Malaman lesin har gida a Sakkwato: na biya shekara guda, ga yadda ta kaya

Keke biyu ne suka riƙe mini lissafi a 2024. Ɗaya keken ɗinkina da ke tsakar gida, shi ke kawo kuɗi. Ɗaya keke napep da ke tsayawa ƙofar gidanmu a Arkilla ƙarfe bakwai da kwata, shi ke kwashe su. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kuma 12,000 nake ba mai keken a wata ya kai mini yara uku makaranta ya ɗauko su. Da lita ta haye 500 ya ce 20,000. A Satumbar 2024 da aka sake ƙara kuɗin man, ya zo ya tsaya a zaure yana murza hula, ya ce shi ma ba a son ransa ba, amma ƙasa da 30,000 ba ta fisshe shi. A makon ne kuma makaranta ta aiko da takardar sabon zango: naira 133,000 na su ukun, ban da littattafai da yunifom. Ga kuɗin tara, 200 kowanne kullum. Na zauna da biro a bayan littafin da nake rubuta awon masu ɗinki, na tarar shekara za ta cinye mana sama da naira 830,000. Maigidan albasa yake saye da sayarwa a Ramin Kura, wanda ya san sana'ar nan kuwa ya san wata uku ake dariya, sauran watannin haƙuri ake ci.

A status ɗin wata da nake yi wa ɗinki na ga tallar wata cibiyar malaman lesin. Ba zan kama sunanta ba, domin akwai yabo akwai kuma ƙorafi a abin da zan faɗa. Aikinsu shi ne su turo maka malami har gida, ya koyar da yaranka manhajar firamare, su kuma su riƙa sa ido, su shirya jarrabawa duk ƙarshen zango. Takardar tallar ta ce naira 35,000 a wata ga yara uku, Litinin zuwa Alhamis, takwas da rabi zuwa sha ɗaya da rabi. Ofishinsu shago ɗaya ne, tebur da kujeru uku da firinta. Mai wurin matashi ne mai fara'a, tun daga bakin ƙofa yake ce mini Hajiya. Ban taɓa taka Makka ba, amma na lura duk mai son kuɗinki a garin nan sai ya kai ki ya dawo da ke kyauta.

A gida aka ɗan yi ja. Ƙanen maigida malamin firamare ne, shi ya fi kowa ƙin abin. "Matar Yaya, akwai doka fa tun 2004, karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne. In kuɗi sunka yi wuya ku maida su ta gwamnati mana." Gaskiya ya faɗa, na kuma je na leƙa wadda ke kusa da mu. Ajin da 'yata za ta shiga na ƙirga kawuna har na gaji, rabinsu a ƙasa, malama ɗaya da bulala tana ta fama. Ban ga laifinta ba, amma ban ga inda za ta san ko 'yata ta gane ba. Inna, mahaifiyar maigida, ita ta raba gardamar daga kan tabarmarta: "Mi ag gardama ciki? Mu gida munka yi namu karatu. Kakata 'yar taru ce, daga ƙauye sukan taho wurin jaji da malfa tata bisa kai, su koma su karantar da mata cikin gidaje. Ku bar ɗiyan ga su gwada." Tsarin Nana Asma'u take nufi, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 tana kwance kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanen miji ya ce wancan karatun addini ne, wannan boko. Inna ta ce harafi dai harafi ne. Aka tashi a kan za a gwada shekara ɗaya, shi kuma zai riƙa yi wa yaran tasa jarrabawar don ya tabbatar ba wasa ake yi ba. Wannan sharaɗin nasa ya yi mini rana daga baya.

Ranar biyan kuɗi na fara gane cewa 35,000 ɗin nan fuska ce kawai. Rajista 10,000. Kuɗin jarrabawa 3,000 kowane yaro duk zango. Sannan a layin ƙarshe na takardar yarjejeniya, da ƙananan rubutu, kuɗin kabu-kabun malami a kan iyaye yake, naira 1,000 kullum. Kwana goma sha shida a wata, 16,000 ke nan. Watau 51,000 ce, ba 35,000 ba. Na ce masa me ya sa ba a rubuta a talla ba, ya ce ai kowa ya sani. Ni dai ban sani ba. Littattafai suka ba ni jerin sunaye na shiga Babbar Kasuwa na sayo, wasu sabbi wasu na hannu, suka tashi 38,000. Farin allo da maka da benci biyu da kafinta ya buga mini, 27,000. Zaure muka share, aka kwashe buhunan da maigida ke jibgewa, sai dai warin albasa bai bar wurin ba har yau. Yarana sun koyi jadawalin sau da idanu na ƙaiƙayi.

Malamin farko ɗan bautar ƙasa ne daga kudu. Yaro mai ladabi, bai taɓa latti ba, lissafi kuma kamar ya haɗiye shi. Amma ba ya jin Hausa ko ta sayen ruwa, yarana kuwa Turancinsu na gaisuwa ne da waƙoƙin taron safe. Ina ɗinki ina jiyo shi yana ta bayani, ya tambaye su sun gane, su amsa baki ɗaya sun gane, in sun shigo na tambaye su me aka yi su dubi juna. Mako shida ya yi, bautar ƙasarsa ta ƙare ya tafi garinsu. Cibiyar ta san ranar tafiyarsa tun kafin ta turo shi, ba ta gaya mini ba. Mako biyu cur babu malami, alhali na biya watan. Na kira ya fi sau goma: "Hajiya gobe in sha Allahu." Kuɗin makon biyun nan har yau ban gan su ba, ba a kuma cire mini su a wata na gaba ba. Wannan shi ne babban laifin da na riƙe su da shi.

Na yi niyyar janyewa, sai ga Malama a farkon Disamba, cikin hazon hunturu, da hijabi ruwan toka da jakar leda. Mai NCE ce, 'yar Mabera, ba ta samu aikin gwamnati ba. Ranar farko ba ta taɓa allo ba. Ta zaunar da kowanne ta miƙa masa littafinsa ta ce ya karanta mata. Ɗan farina, kun san ba zan faɗi sunansa ba, yana aji biyar, ya karanta yana tuntuɓe amma ya kai. Ta tsakiya, 'yar aji uku, wadda takardar sakamakonta ta ƙarshe ta ce ita ce ta huɗu a ajinsu, ta rera shafin farko tsaf kamar ruwa. Malama ta rufe shafin da tafin hannu, ta bar kalma ɗaya tak a waje, ta ce mene ne wannan. Shiru. Ta nuna wata. Shiru. Ashe hadda ce. Shekara uku ina biyan kuɗi, 'yata ta haddace shafuka da hotunansu, ba ta san harafi ya haɗu da harafi ya ba da sauti ba. Ina tsaye bakin ƙofar zaure da almakashi a hannu, kunya ta rufe ni kamar ni aka tambaya.

Malama ta juyo ta ce, "Anti, kar ki damu, ba ita kaɗai ba ce. Ki ba ni kwalin taliya in kina da shi, da aron almakashin nan." Ta yanka kwalin gunduwa-gunduwa, ta rubuta baƙaƙe a wasu da baƙin maka, wasula a wasu da ja. Ta ce da Hausa za ta fara, domin yadda ake faɗar Hausa haka ake rubuta ta, yaro ba ya faman koyon karatu da koyon sabon harshe a lokaci guda. Ba, be, bi, bo, bu. Ta ajiye "ba" ta kawo "ki", yarinya ta ce ba-ki, ta taɓa bakinta tana dariya. Ta ware rana guda a kan masu lanƙwasa kaɗai, ta sa "kafa" kusa da "ƙafa", "bari" kusa da "ɓari", ta ce ƙugiyar nan ƙarama ita ta raba su, wanda ya yar da ita ya yar da ma'ana. Auta da ke da shekara biyar ba a ma sa da shi ba, yana gefe yana wasa da murafun lemo, sai ga shi yana riga yayarsa amsawa. Da ƙanen miji ya ga kwalayen ya yi shiru, washegari ya kawo mata tsohon kwafin littafin koyon karatun Hausa irin wanda aka raba wa makarantun gwamnati a Sakkwato da Bauchi a wani shiri da Amurka ta tallafa. Ta yi murna da shi fiye da duk littattafan 38,000 da na sayo, waɗanda rabinsu har yanzu ledarsu ba ta fita ba.

Wata biyu da rabi bayan nan, wani dare maigida ya dawo kasuwa a gajiye, wayarsa ta yi ƙara ya ce wa ɗan fari ya duba masa. Ta tsakiya ta riga shi ɗauka. Saƙo ne daga wani abokin cinikinsa na Gada, da Hausa: mota ta taso, buhu arba'in. Ta karanta shi a hankali, gaɓa-gaɓa, yatsa a kan gilashi. Maigida bai ce komai ba, ya tashi ya fita, ya dawo da tsiren 2,000. Tun da muka fara wannan sha'ani ranar ce farko da bai tambaye ni nawa ya rage a biya ba.

Lissafi ma da kayan gidan take yi. Ta tambayi ɗan fari, in babansa ya sayi buhu kaza a kan kaza, ya biya mota da 'yan dako, biyu suka ruɓe a rumbu, nawa zai sayar da sauran kafin ya fita. Yaron da ke gudun lissafi ya kwana yana bugawa, da safe ya tare babansa da tambayar ko ya sa kuɗin buhun da babu komai a ciki. Turanci ya biyo baya a zango na biyu, kuma a nan zan faɗi gaskiya, Malama ba ta kai ɗan bautar ƙasan nan ba. Tana iya koyar da karatu da nahawu, amma da Hausa take yawan bayani, bakin yaran bai saki da Turancin magana ba. Kimiyya kuma karanta musu kawai take yi daga littafi. Mun gwada cikewa da Nigeria Learning Passport, manhajar kyauta da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Darussan ba laifi, amma data ba kyauta ba ce, waya kuma ɗaya ce, ita masu ɗinki ke kira. Yaro na tsakiyar kallon darasi sai ga mai tambayar ko an gama mata riga.

Abin da ya sa kuɗin ya zama wanda za mu iya ɗauka ba daga cibiyar ya fito ba. Maƙwabciyata ce ta ga 'yata na karanta rubutun jikin gwangwanin madara, ta ce ita ma a sa nata biyu. Matar wan maigida ta kawo ɗaya. Suka zama shida. Na koma ofis, mai wurin ya so ya ce kowane gida da nasa 35,000, na ce malama ɗaya, zaure ɗaya, awa uku ɗin nan dai, ina dalili? Muka yi ciniki kamar na atamfa har ya tsaya a 55,000. Ni mai uku na ɗauki rabi, 27,500, da rabin kuɗin kabu-kabu, 8,000. Daga Janairu wata ya koma mini 35,500. Muka mai da shi kamar adashe, kowa ta kawo nata ranar 25 ga wata, ni ke haɗawa in kai wa mai POS. Sau biyu maƙwabciyar ta makara na cike mata daga kuɗin ɗinki, sau ɗaya ni ma ta cike mini. Duk mai son shiga wannan harka, kafin ta je ofis ta fara zagaya maƙwabta. Shida dai shi ne iyaka a ganina, da aka so ƙara na bakwai Malama da kanta ta ce a'a, aji uku daban-daban take juyawa a benci biyu.

Wata rana a cikin hira, ba don ta kai ƙara ba, na ji nawa ke isa hannunta. A cikin 35,000 ana ba ta 20,000. Da ya koma 55,000 aka mai da ita 30,000. Wannan a ƙasar da doka ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 tun Yulin 2024. Na san aikin awa uku ne, na san cibiya na biyan haya, amma me take yi da kusan rabin kuɗin? Sa idon da aka yi alkawari duk wata, sau biyu na ga mai duba aiki a wata goma, na biyun ma bai sauka daga babur ba. Jarrabawar da muke biyan 3,000 kuwa, ta zangon farko da ta zo akwai tambaya a kan darasin da ba a kai ba, akwai shafin da aka buga sau biyu, a saman takardar aji uku ma an manta ba a goge sunan wata makaranta ta wani gari ba. Kwafo ta aka yi. Ta ƙanen miji da ya rubuta da hannu a takardar fulskaf ita ta nuna mana inda yaran suke. Yarjejeniyar kuma ta hana iyaye ɗaukar malami kai tsaye sai an shekara da rabuwa da cibiyar. Na sa hannu, ba zan saɓa ba, amma abin na ci mini rai. Iyakar abin da na iya, duk Sallah ina ɗinka mata kaya kala ɗaya, kullum kuma akwai kunu da ƙosai ko fura mai sanyi da ke jiran ta.

Akwai kuɗin da ba ya shiga kowace takarda. Yaro in yana makaranta, daga bakwai zuwa biyu gida naki ne. Yanzu sha ɗaya da rabi an tashi, Islamiyya sai huɗu, tsakanin nan ni ce mai duba aikin gida, ni ce mai raba faɗa. Azumin 2025 ya faɗo a Maris, lokacin da tela ke haɗa kuɗin rabin shekara, muka mai da darasi bakwai da rabi zuwa goma saboda Malama na azumi. Ɗinki kala goma sha ɗaya na mayar a watan nan don na san ba zan gama ba. Da Afrilu ya shigo zafi ya haye digiri 40, zauren kwano ya koma tanda, wuta kuma sai ta ga dama. Dole na sayi fanka mai caji da ɗan faifan sola, 45,000. Abinci ma ya ƙaru, yaro a gida bakinsa ba ya hutawa.

Da na tattara komai daga Oktoba zuwa Yuli, abin da ya fita ta hannuna ya kama naira 560,000, a maimakon sama da 830,000. Ragin wajen 270,000 ke nan a takarda. In na cire ɗinkin da na mayar da furar Malama, zai ragu sosai, amma ba zai ƙare ba. Kuma ba a taɓa koro mini yaro ba. Wanda bai taɓa ganin ɗansa ya dawo ƙarfe tara da jaka a baya an ce sai an cika kuɗi ba, ba zai san nauyin wannan ba.

Inda tsarin ya gaza gaba ɗaya shi ne takarda. Cibiyar ba makaranta ba ce, sakamakon da take bugawa ba ya zama shaidar kammala firamare. Ɗan fari zai shiga aji shida, muna so ya zauna jarrabawar shiga makarantun tarayya da NECO ke shiryawa, ko Allah zai sa ya samu Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta nan Sakkwato. Akwai tambayoyin gwada basira a cikinta da Malama ta ce ita ba ta saba koyar da su ba, na kuma ji daɗin da ta faɗa ba ta rufe ni ba. Ban da haka yaron ya fara ƙunci. Ƙannensa da 'yan maƙwabta duk ƙanana ne, abokan ƙwallonsa suna makaranta, ranar da suka wuce da kayan wasannin gida-gida ya shige ɗaki bai ci abincin rana ba. Na tambayi mai cibiyar tun farko yadda za a yi da aji shida, ya ce suna da hanya. Da lokaci ya yi hanyar ta zama in nemi wata makaranta in biya a sa sunansa a rajistarta kamar yana zuwa. Maigida ya ce ba da shi ba.

Don haka ɗan fari ya koma aji. Mun samu wata mai sauƙin kuɗi da ƙafa ke kai shi, ba ruwanmu da mai keke, sun gwada shi sun karɓe shi aji shida ba tare da sun maida shi baya ba. Ta tsakiya da auta suna nan a zaure, da sharaɗin da na sa aka rubuta da biro a ƙasan sabuwar yarjejeniya, mai cibiyar ya sa hannu ni ma na sa: Malamar nan dai, ba wata ba, kuma duk ranar da babu malami za a cire kuɗinta. Ya yi dariya ya ce Hajiya kin zama lauya. Gurbin da ɗan fari ya bari a benci, 'yar mai markaɗen layinmu ce ta shiga, ranar Litinin ta fara, Malama ta ce in nemo mata wani kwalin taliya.